Kwabo Mai Huji: Yadda Ake Gane Darajar Tsohon Kuɗi

Duk bayan 'yan shekaru sai maganar ta sake tasowa, wai ana neman kwabo mai huji, wai masu nemansa miliyoyi suke biya. Da zarar ta zaga a WhatsApp, sai matasa a Makarfi da Hunkuyi da Ikara su dira kan adudun kakanninsu da tsofaffin kwalla, suna zazzage tsummokara. Wanda ya dace da anini biyu da sule guda, kafin magariba ya gama lissafin babur da fili. Kusan dukan irin wannan lissafi a banza yake ƙarewa. Sai dai maganar ba ƙarya ce zalla ba. Akwai kasuwar tsofaffin sulalla a duniya, tana da dillalanta da littattafanta da ƙa'idojinta, kuma wasu daga cikin ƙa'idojin nan a kan kwabon Amurka aka fara tsara su. Don haka can ya kamata mu fara leƙawa kafin mu dawo gida.

A 1792 majalisar Amurka ta yi dokar kafa gidan buga kuɗi a Filadelfiya. A farkon 1793 aka buga senti na farko, wato kwabon Amurka, na jan ƙarfe zalla, mai faɗi da nauyi, ya haura giram 13. A gabansa kan wata mace ne da gashi a baje, a bayansa sarƙa mai zobba 15, adadin jihohin ƙasar a lokacin. Jama'a ba su so shi ba. Suka ce matar kamar a firgice take, sarƙa kuma alamar bauta ce, ba ta dace da ƙasar da ke taƙama da 'yanci ba. Guda 36,103 kacal aka buga cikin 'yan makonni, aka canza zanen. Wannan ƙyamar ce ta zama arzikinsa. A watan Janairun 2015 an yi gwanjon guda ɗaya wanda bai taɓa shan hannu ba, aka saye shi dalar Amurka miliyan 2.35. Ko wanda ya suɗe har rubutunsa ya kusa ɓacewa, dubban daloli ake sayensa.

To amma ga ɗan'uwansa na 1851. Shi ma jan ƙarfe ne, shi ma ya haura shekara 170 a duniya. Da yake an buga kusan miliyan goma, wanda ya sha hannu ba ya wuce 'yan gomomin daloli. Tsufa kaɗai ba ya sa wa kuɗi farashi. Abin da ake fara tambaya shi ne guda nawa aka buga, kuma guda nawa suka rage.

Ko wannan ragowar ma tana iya sauyawa dare ɗaya. Bayan yaƙin basasar Amurka an tono wata 'yar ganga a jihar Jojiya cike da senti na tsakanin 1816 da 1820, sababbi fil, ba su taɓa shiga kasuwa ba. Har yau masu tara kuɗi na samun na 1818 da 1820 masu ƙyalli cikin sauƙi saboda wannan ganga, alhali na wasu shekarun da ke kusa da su sai an sha wuya.

An ci gaba da buga manyan senti har 1857, in ban da 1815. A wannan shekara ba a buga ko ɗaya mai ɗauke da ita ba, domin daga Bamingham ta Ingila ake kawo musu yankakken jan ƙarfen, yaƙin da ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1812 kuwa ya datse hanya. Duk wanda ya nuna maka senti na 1815, jabu ya nuna maka. Haka 'yan damfara suka daɗe suna kankare lambar ƙarshe ta 1798 su mai da ita 1799, don na 1799 yana da wuyar samu. Da gwamnati ta janye manyan a 1857 ta fito da ƙanana, sai mutane suka fara kewar kuɗin ƙuruciyarsu, suna neman haɗa na kowace shekara. Daga nan sana'ar ta kafu a Amurka.

Wanda ya sa mata ma'auni shi ne wani likita, William Sheldon. A littafinsa na 1949 ya bi senti na 1793 zuwa 1814 ɗaya bayan ɗaya, ya rarrabe iri 295 bisa hatimin ƙarfen da aka buga kowanne da shi, domin da hannu ake sassaƙa hatiman a wancan zamani, kowanne da 'yar alamarsa. Ya kuma ƙirƙiro ma'aunin lafiyar kuɗi daga 1 zuwa 70: ɗaya shi ne wanda da ƙyar ake gane shi, saba'in wanda ba shi da ko ƙwarzane. Da wannan ma'auni ake aiki yau a kan kuɗaɗen ƙasashe da yawa, har da namu. Masani na ɗaukar kwabo ya duba wuraren da suka fi tudu a zanen, inda hannu ke fara cinyewa, kamar yadda dillalin shanu ke buɗe baki ya duba haƙora kafin ya yi tayi. Abin dariya da takaici, bayan mutuwar Sheldon a 1977 aka gano shi kansa ya yi ta musanya kyawawan senti na wata babbar ƙungiyar masana kuɗi ta New York da nasa marasa kyau. Shi ya sa a wannan sana'a ake bin diddigin hannun da kuɗi ya bi, ba a tsaya ga sunan mai shi ba.

Mu dawo ƙasar Zazzau. Kafin Turawa, da wuri ake ciniki a kasuwanninmu, babban ciniki kuma da liyari na azurfa ko da tufa. A 1907 aka fara buga anini da kwabo don Nijeriya, da huji a tsakiya yadda za a iya zura su a zare, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci mai faɗin ƙimarsu. Aninin farko na alminiyam ne, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure gumi da danshi ba, sai a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Jirgin ƙasa ya bi ta Zariya, ya ratsa Likoro da Gimi, ya isa Kano a 1911. Leburorin hanya da tsabar kuɗi aka biya su, haraji ya koma na tsaba, manomi ya kai auduga fuloti ya dawo da sulalla a lalita. Ta waɗannan ƙofofi kwabo ya shigo gidajen Kudan da Makarfi da Ikara, wuri kuma ya yi ta ja da baya har ya koma kayan ado da na bori.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa mu da Gana da Saliyo da Gambiya a kuɗi ɗaya. A 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sule da fataka da hoton bishiyar kwakwar manja a baya. A 1920 azurfa ta yi tsada, aka koma rawayan ƙarfe. Ranar 1 ga Yulin 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da kuɗin ƙasa na kanmu, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule.

Yanzu sai a auna abin da ke cikin adudu da ma'aunin can. Anini da dari da kwabo masu huji miliyoyi aka riƙa bugawa shekara bayan shekara, don ƙasashe huɗu, tsawon rabin ƙarni. Yawancinsu, in sun sha hannu, abin da dillalan Turai ke sayar da su bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma a awo ake sayar da su haɗe da na wasu ƙasashe. Mutane kan ruɗe da na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarauta a Janairu ya yi murabus a Disamba. Gaskiya ne Ingila kanta ba ta saki kuɗi da sunansa ba, mu kuwa an buga mana. Amma an buga da yawa, kuma tun a lokacin masu tara kuɗi suka ɓoye sababbi, don haka yana da daɗin labari, ba shi da tsada.

Inda bambanci yake shi ne haɗuwar shekara da gidan da ya buga. A duba kwabon da kyau a cikin haske, wani lokaci za a ga ɗan ƙaramin harafi. H na nufin kamfanin Heaton, KN na nufin King's Norton, dukansu a Bamingham, garin nan dai da ya riƙa sayar wa Amurka jan ƙarfe. SA na nufin Firitoriya ta Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi aikin gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila ne. Kwabo biyu na shekara ɗaya, ɗaya na iya zama gama-gari, ɗayan kuma kaɗan aka buga, harafin ne kawai ya raba su. Akwai kundayen da suka jera adadin kowace shekara da kowane harafi, ana kuma samun bayanan a intanet kyauta. Matashin da ke da waya a hannu ba shi da hujjar yin ciniki a makance.

Na azurfa maganarsu daban ce, don suna da ƙimar da ba ta dogara da sha'awar kowa ba. Sulen 1913 zuwa 1919 giram 5.66 ne, fataka ninkinsa, kuma kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Su ne suka fi ƙaranci a gidaje, saboda maƙeran fari sun narkar da su tun tuni sun yi zobba da awarwaro da kayan doki, wasu kuma matan Fulani sun jera a kitso. Liyari kuwa, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, giram 28 ne da ɗan ɗori, azurfar cikinsa ta haura giram 23. Nan ma akwai tarko. Kusan kowane liyari da za ka gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da matar ta mutu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombai, har yau ma Ostiriya ba ta daina ba. Wanda ke hannun kakarka mai yiwuwa ƙanin kwabo mai huji ne a shekaru. A auna shi a sikelin masu zinariya, a lissafa da farashin azurfa na ranar, wannan shi ne ƙasan farashinsa, kada a sallama ƙasa da haka.

Ɓarnar da ta fi ba ni haushi ita ce wanki. Mutum ya samu tsohon kwabo ya yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemun tsami da soson ƙarfe ya dirje shi har ya yi ƙyalli, a ganinsa ya ƙara masa kwarjini. Ya kashe shi ne. Wannan duhu da shekaru suka shimfiɗa shi ake saye, kuma masani na ganin sawun dirza da tabarau nan take. Ko a manyan kamfanonin tantance kuɗi na Amurka, wanda aka wanke ba a ba shi lamba a ma'aunin Sheldon, sai dai a rubuta an wanke, farashinsa ya faɗi warwas. Haka wanda aka huda don sarƙa, ko aka liƙa wa zobe, ko aka sa shi washa a ƙusar rufin kwano. A riƙe kwabo ta gefensa, a naɗe kowanne a takarda daban, a ajiye inda raɓa da danshin damina ba sa kaiwa.

Sai 'yan damfara, waɗanda su ne ke hura wutar jita-jitar tun farko. Salonsu sananne ne. Wani zai kira ya ce shi wakilin Bature ne, yana neman kwabo na shekara kaza kan miliyoyi. Bayan kwana biyu wani daban ya ɓullo da irin wannan kwabon yana neman kai da shi a kan 'yan dubbai. Ka sayar da buhunan masara ko ka kwashi kuɗin rakenka ka saya, layin mai miliyoyin ya mutu. Wasu kuma kuɗin gwaji ko na rajista ko na kwastan suke karɓa. Akwai masu cewa wai wani sinadari ne a cikin kwabon, irin tatsuniyar da ake yi a kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga mai zakara. Babu komai a cikinsa sai jan ƙarfe da nikel. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. A kuma sani cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

A ganina abin da Amurkawa suka fi mu a nan ba tsufan kuɗi ba ne, rubutu ne. Sun zauna sun ƙirga, sun kwatanta, sun rubuta wanda ya mallaki wane, har suka kafa ƙungiya ta masu nazarin kwabon jan ƙarfe a 1967. Mu kuwa tsofaffin da suka biya haraji da sule, suka san nawa ake sayen mudun dawa ko curin mazarƙwaila da anini, suna ta ƙarewa ba a tambaye su ba. Ana iya ganin jerin kuɗaɗenmu a gidan tarihi na Kaduna da Gidan Makama na Kano da ɗakin tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, amma yaro a Paki ko Gubuchi ba lalle ya je can ba. Malamin firamare da ya haɗa wuri da anini da sule da kwabon 1973 a kwali guda ya samu darasin tarihi na zango ɗaya.

Don haka mai karatu, in ka ci karo da tsofaffin sulalla a gida, kada ka wanke, kada ka kai wa maƙeri. Rubuta shekarar kowanne da harafin da ke jikinsa, ka tambayi tsofaffin gidan na wane ne da yadda aka same shi, ka rubuta wannan ma. Ka nemi ra'ayin mutum fiye da ɗaya kafin ka sayar. Wanda duk ya ce sai ka biya shi wani abu kafin ya sayi kwabonka, ka kashe wayar.