Daga Mishigan zuwa Majiya: ɗaliban Amurka masu neman babban digiri a karkararmu

Dattawan Karofan da na sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa, Buza da Keita sun san wani irin baƙo wanda ba komandan ba ne, ba likita ba, ba kuma ɗan kasuwa ba. Saurayi ne ko budurwa, Bature, da ɗan littafi a hannu da alƙalami, yana gaisuwa da Hausa mai tsami, yana zama bisa tabarma yana tambayar abin da kowane yaro ya sani: damin gero nawa gona ta ba da, wa ya haifi wa, yaushe maza ke tafiya cin rani. Da yawa cikin irin waɗannan baƙi ɗalibai ne na jami'o'in Amurka. Takardar shaida suke nema, wadda ba a ba da ita sai mutum ya bar ƙasarsa ya je ya ɗebo sani a inda yake.

Ya kamata masu karatu su san yadda tsanin karatun yake a can. Bayan sakandare, ɗalibi yana yin shekara 4 kafin ya sami digiri na farko, mai kama da lisansi a wurinmu. Daga nan sai digiri na biyu, wanda ke cin shekara 1 ko 2, sannan doktora, wadda sau da yawa takan ci shekara 5 har zuwa 7. Sharaɗin doktora shi ne mutum ya rubuta babban kundi a kan abin da ba wanda ya rigaye shi bincikawa, ya kare shi gaban malamai. Mai nazarin tarihin Hausawa, ko harshensu, ko nomansu, ba zai iya cika wannan sharaɗi yana zaune a Boston ba.

Kuɗin tafiyar ma da tarihinsu. A 1946 majalisar Amurka ta kafa bursu mai sunan sanata Fulbright don musayar ɗalibai da ƙasashen waje. A 1958, shekara guda bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik, aka yi dokar da ta ware kuɗi don koyar da harsunan da Amurkawa ba su sani ba, kuma Hausa na cikin waɗanda suka ci moriyarta a jami'o'i kamar Wisconsin da UCLA. Ba don son Hausa kaɗai aka yi haka ba. Zamanin gasa ne tsakanin manyan ƙasashe, kowace na son ta san abin da ake faɗi a Afirka. Ƙofa ta uku ita ce ƙungiyar samarin sa-kai ta Corps de la Paix, wadda aka kafa a 1961, ta iso Nijar a 1962. Matasa da yawa sun zo aikin shekara 2 a ƙauye, suka koma da harshe a baki da tambaya a zuci, sai suka shiga jami'a don neman amsarta. Russell Schuh na cikinsu, kuma waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci suna da dalilin tunawa da shi, domin a wannan aikin ya yi hidima a Nijar daga 1965 zuwa 1967. Ya sami doktora a 1972, ya shafe rayuwarsa yana koyar da Hausa da harsunan da ke dangantaka da ita a Los Anjalas, har rasuwarsa a 2016.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ralph Faulkingham, ɗalibin jami'ar jihar Mishigan. A ƙarshen shekarun 1960 ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Madawa wanda ya kira Tudu cikin rubuce-rubucensa. Abin da ya kawo shi shi ne sanin yadda mutum ke samun magoya baya a gari, wato yadda sarauta, dangantaka da alheri ke ɗaure mutane da juna. Ya bi gida gida ya ƙidaya jama'a, ya rubuta shekarunsu da asalinsu. A 1970 aka ba shi doktora, ya zama malami a jami'ar Masacuset da ke Amherst.

Da a nan labarin ya tsaya, da kundin ya kwanta a kan kanta kamar dubunnan irinsa. Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya yi ta ja da baya a ƙasashen Sahel, har abin ya kai matuƙa a 1973 da 1974. A lokacin, masu magana a kan yunwar daga Turai da Amurka suna ta jefa alƙaluma na kintace, domin ƙauyukan da aka ƙidaya mutanensu ɗaya ɗaya kafin masifar ba su da yawa. Tudu na cikin ƴan kaɗan ɗin. Faulkingham ya koma garin, ya sake bin gidajen da ya sani, ya gwada lissafin da da na yanzu. A 1975, shi da abokin aikinsa Peter Thorbahn suka buga sakamakon a wata mujallar nazarin yawan jama'a da ke fita a London. Rubuce-rubucensa na wannan lokaci sun nuna yadda nauyin yunwa ya faɗa kan ƙananan yara, da yadda tafiyar maza neman kuɗi a rani ta ƙaru ƙwarai, har ta zama ginshiƙin da gidaje suka jingina da shi. Mutumin Adar ko na Gobir ba ya bukatar a gaya masa wannan. Amma abin da kowa ya sani a zaure daban yake da abin da aka rubuta da lissafi, wanda za a iya ajiyewa gaban mai rabon taimako a ce masa ga shi. Ƙidayar da saurayi ya yi don cika sharaɗin jarrabawa ita ce ta zama shaida.

Kwarin Majiya ya ga wani salon. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, tare da ƙungiyar CARE da samarin Corps de la Paix, suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Da itatuwan suka girma, masu bincike daga Holan da Amurka, cikinsu har da ɗalibai masu neman digiri, suka zo da ma'aunin iska da sikeli. Awon da aka yi ya nuna ƙarin amfanin gona tsakanin kashi 15 da 23 cikin 100 a gonakin da ke bayan itatuwa. Da waɗannan alƙaluma sunan Majiya ya shiga littattafan koyar da aikin daji a duniya. Manoman da suka haƙa ramuka, suka yi tsaron dashe kada awaki su cinye, sunayensu ba su cika fitowa a shafin farko ba.

Sauran sassan ƙasar Hausa ma sun karɓi nasu baƙin. Barbara Cooper ta jami'ar Boston ta zauna da matan Maraɗi, littafinta a kan tarihin aure a birnin ya fito a 1997. William Miles, wanda ya fara da koyarwa a Magarya cikin Corps de la Paix, ya gwada Yekuwa ta Nijar da Yardaji ta Nijeriya, garuruwa biyu na Hausawa da iyakar Faransa da Ingila ta raba. Littafinsa ya fito a 1994. Waɗannan duka a jami'o'in gida aka ba su takarda. Akwai kuma masu ɗaukar karatun dungurungum su kai shi waje, kamar Enid Schildkrout, wadda ta yi doktora a Kambirij ta Ingila da bincike a zangon Kumasi, daga baya ta yi nazarin rayuwar yara a Kano. Irin wannan hanya tana jan Amurkawa saboda doktora a Ingila takan ƙare cikin shekara 3 ko 4, kuma karatu a gida tsada gare shi: a 2024 bashin da ɗalibai ke ɗauke da shi na gwamnatin Amurka ya haura dalar Amurka biliyan 1,600. Wanda ke ganin kowane Bature da jaka a kafaɗa attajiri ne, sai ya rage zato.

A watan Janairu na 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, Corps de la Paix ta kwashe mutanenta daga Nijar, jami'ar Boston kuma ta rufe shirin da take turo ɗalibai da shi. Baƙin sun yi ƙaranci a karkara tun daga lokacin. Abin da suka rubuta kuwa yana nan, sai dai da Ingilishi yake, a ɗakunan karatu masu nisa, alhali ma'aikacinmu da Faransanci ya yi lakkwal, manominmu kuma da Hausa ya koyi baƙi. A nan aikin cibiyar binciken IRSH ta Yamai ya bambanta. A jerin littattafanta na Etudes Nigériennes, cikin shekarar 1975 kaɗai, ta buga tarihin Adar kafin zuwan Turawa na Djibo Hamani, da kuma nazarin Bafaranshiya Nicole Echard a kan manoman Adar. Malamin makarantar Buza na iya neman su ya karanta.

A ganinmu, takardar izinin bincike da ma'aikatar ilmi mai zurfi ke ba baƙo ta cancanci ta zo da sharaɗin da ake bi a gani an cika: kofi ɗaya a IRSH, ɗaya a jami'ar Tawa, da taƙaitaccen bayani da Hausa wanda za a miƙa wa magajin gari da hakimin wurin da aka yi aikin. Na baya ma ba su wuce gyara ba. A 1975 jami'ar Amherst ta buga wani ɗan littafin Faulkingham a kan iskoki, bori da zaman jama'a a Tudu. Ba shi da kauri, kuma kalmomin da suka fi muhimmanci a cikinsa daga Hausa aka ɗauke su tun farko. Mai fassara ɗaya zai iya mayar da shi cikin rani guda, a karanta wa jikokin waɗanda suka amsa tambayoyin, su faɗi inda baƙon ya ji daidai da inda kunnensa ya kuskure.