Inda kamfanonin waya ke sauke lodin data

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya san wannan abin haushi. Ka ɗauki hoton dawaki, ka danna turawa, sandunan sabis a cike tam a saman wayarka, amma hoton sai juyi yake yi kamar an ɗaure masa ƙafa. Sai jama'a sun watse, kana hanyar gida, sannan saƙonni su fara shigowa rututu. Mukan ce "babu sabis", alhali sabis na nan daram. Hanya ce ta cushe.

Sandunan nan ƙarfin muryar turken sadarwa kawai suke nuna maka, ba sa gaya maka mutum nawa ne a gabanka. Yawanci ana raba turke fuska uku, kowace fuska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a daƙiƙa guda, kuma duk wayoyin da ke gabanta wannan ɗin suke rabawa. In mutum hamsin ne, kowa ya ci ya ƙoshi. In dubu biyar ne, kowa ya tashi da lomar da ba ta isa maƙogwaro ba.

Me ya hana kamfani faɗaɗa hanyar? Kuɗi. Zangon iskar da wayoyi ke magana a kansa, ɗan'uwan wanda gidajen rediyo ke watsa shirye-shirye a kai, gwamnati ce ke sayar da lasisinsa, kuma ba a samunsa da arha. A gwanjon da hukumar sadarwar Nijeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 a kan megahaz 100 kacal na zangon 5G. Kafa sabon turke kuwa sai an nemi fili, an sayi janareta, an riƙa zuba masa dizal, an ɗauki maigadi. Kuma duk wannan ɗawainiya saboda cunkoson da ba ya wuce 'yan sa'o'i a rana, a 'yan wurare ƙalilan: kasuwa, tasha, filin ƙwallo, harabar jami'a.

Amma akwai wani zangon da ba a sayarwa. A 1985 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta bar wasu zanguna a buɗe ga kowa ba tare da lasisi ba, cikinsu har da na gigahaz 2.4, bisa sharaɗin na'ura ba za ta ɗaga murya fiye da ƙima ba. Sauran ƙasashe suka bi sahu, a nan kuma Wi-Fi ya yi gida. In zangon lasisi gona ce da ka saya ka kewaye da shinge, wannan makiyayar gari ce. Dabarar kamfanonin waya ita ce su kafa nasu akwatunan Wi-Fi a wuraren cunkoso, su kora wani sashe na garken can, gonar ta sarara.

Wuya ce ta koya musu wannan dabara. Da iPhone ta fito a 2007, AT&T kaɗai ke da ikon sayar da ita a Amurka, kuma yana sayar da data irin ta "sha iya shanka" a kan kuɗi ƙayyadadde duk wata. Mutane kuwa suka sha. Kamfanin da bakinsa ya ce cikin shekara huɗu, daga 2007 zuwa 2010, datar da ke bi ta turakunsa ta ƙaru da kashi 8,000 cikin ɗari. A New York da San Francisco kira ya riƙa yankewa, ƙorafi ya yi yawa. A 2008 ya karɓi ragamar Wi-Fi na shagunan Starbucks, a ƙarshen shekarar kuma ya sayi kamfanin Wayport, mai kula da Wi-Fi na gidajen abincin McDonald's da otal-otal, a kan kusan dala miliyan 275. A 2010 ya shimfiɗa Wi-Fi a dandalin Times Square, a shekarar ce kuma ya daina sayar wa sababbin masu layi datar da ba ta da iyaka. A Japan, KDDI ya sa wa kansa burin kafa wurare 100,000 zuwa 2012. A Faransa, kamfanin Free, wanda ya shigo harkar wayar hannu a Janairun 2012 da turaku 'yan kaɗan, ya jingina da akwatunan intanet da ya riga ya raba a gidajen mutane.

Abin da ya fi ba injiniyoyi wahala shi ne shiga. Wi-Fi na otal ko filin jirgi kowa ya san halinsa: ka nemo sunansa, ka jira shafi ya buɗe, ka rubuta kalmar sirri, gobe ka sake. Mai tafiya a kasuwa ba zai tsaya yin wannan ba. Sai aka mayar da aikin kan sim. A cikin kowane sim akwai wani mabuɗin sirri wanda babu mai kwafinsa sai rumbun bayanan kamfanin. Idan waya ta shigo inda Wi-Fi na kamfaninta yake, rumbun zai aiko mata da wata lamba da ya zaɓa kara-zube, sim ya gauraya ta da mabuɗinsa ya mayar da amsa. Rumbun ma ya yi lissafinsa. In amsoshin biyu suka yi daidai, ƙofa ta buɗe, kuma mabuɗin kansa bai taɓa fita iska ba balle wani ya sace shi. Ana kiran wannan tsari EAP-SIM, ƙaninsa na layukan 3G da 4G kuma EAP-AKA. A 2012 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta ƙara da Passpoint, wanda ke ba waya damar tambayar akwati tun kafin ta haɗu da shi: kai na wane ne, kana karɓar masu layin kamfanina? Duk wannan gaisuwa tana ƙarewa wayar tana aljihu.

Bayan shiga, data tana da hanya biyu. Ko dai a sake ta nan take ta bi kebul zuwa intanet, wanda shi ya fi sauƙi da arha, ko a mayar da ita cibiyar kamfanin ta cikin wani rufaffen bututu mai makulli, domin a ƙirga ta, a caje ta, a kuma riƙe haɗin idan mutum ya fita ya koma kan turke. Ta wannan bututun ne kiran waya ta Wi-Fi ke bi, wanda ya yaɗu bayan Apple ya sa shi a iPhone a 2014. Mai ofis a ƙarƙashin bene, inda sabis ba ya ratsa kankare, shi ya fi kowa sanin daɗinsa.

Sai dai makiyayar gari ba ta da sarkin shanu. A kan turke, kamfani ne ke raba layi, ya ce wa kowace waya ga lokacinki, ga gurbinki. A Wi-Fi kuwa kowace na'ura kasa kunne take yi, in ta ji shiru ta yi magana, in biyu suka yi karo kowacce ta ja da baya ta ɗan jira. Majalisar mutum goma za ta tafi lafiya a haka, ta mutum ɗari biyu hayaniya ce. Zangon gigahaz 2.4 hanyoyi uku kawai gare shi da ba sa hawa kan juna, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci, ga akwatin maƙwabci, duk a ciki. Na gigahaz 5 ya fi yalwa amma ba ya ratsa bango sosai. Ga kuma halin naci: waya takan manne wa Wi-Fi mai rauni tana barin 4G mai ƙarfi, har mutane suka koyi kashe shi da zarar sun fita gida. Apple ya kawo gyara a 2015, waya ta riƙa komawa kan data da kanta, sai wasu suka ga kuɗin wata ya haura, suka kai shi kotu.

Labarin China Mobile ya fi burge ni, domin ya nuna iyakar abin. Fasahar 3G da aka ba shi, ƙirar gida ce, ba ta da sauri, don haka ya kafa akwatunan Wi-Fi sama da miliyan 4. Suka ɗauke mafi yawan datarsa, amma kuɗin da suke shigowa da shi bai taka kara ya karya ba. Da ya samu lasisin 4G a Disambar 2013, sai ya juya akalar jarinsa can. Waɗanda suka ci ribar dabarar sosai daga baya su ne kamfanonin talabijin na kebul a Amurka. Comcast ya fara sayar da layin waya a 2017, Charter a 2018, dukansu hayar turakun Verizon suke yi. Duk gigar da ta bi ta turke sai sun biya, wadda ta bi ta akwatunansu da ke miliyoyin gidaje da shaguna kuwa ta gida ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai alƙaluman da ake yawan ambata: kamfanin Cisco ya ƙiyasta cewa a 2015 kashi 51 cikin ɗari na datar wayoyin duniya ta bi ta Wi-Fi da ƙananan na'urorin cikin gida maimakon turke. Sai a lura, kaso mafi tsoka na wannan Wi-Fi ne na gida da ofis, wanda mai waya ya biya da kansa. Kamfani ya samu sauƙi ne a bagas.

To, mu fa? Abu biyu ne suka sa lissafin ya bambanta a nan. Na farko, yawancinmu giga-giga muke saye. AT&T ya riƙa rage asara ne a wancan zamani duk lokacin da ya kori mai "sha iya shanka" zuwa Starbucks, amma kamfanin da ke cin kuɗi a kan kowace giga ba shi da dalilin ɗokin kora ka inda za ka sha kyauta, sai dai in zai ƙirga ta a can ma. Na biyu, kuma shi ne babba, akwatin Wi-Fi mita 'yan gomomi yake kaiwa, daga nan sai wayar faiba ko kebul ta karɓa. A Amurka da Japan da Faransa wayar faiba ko kebul ta riga ta shiga gine-gine. A Nijeriya manyan wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar kudu suke sauka, galibi a Legas, kuma jawo faiba zuwa ciki ya daɗe yana cin karo da kuɗin haƙa hanya, wanda aka yi ta roƙon jihohi su tsayar a naira 145 kowace mita, da masu aikin titi da ke tsinka ta, da wutar da za ta riƙe akwatin a kunne. Google ya gwada Wi-Fi na jama'a a Legas a 2018 ya naɗe tabarmarsa a 2020, Facebook ma ya rufe nasa a 2022, kuma su ba ma kamfanonin layi ba ne.

Shi ya sa abin da muke kira Wi-Fi a gidaje da shaguna da yawa bai sauke wa kowa kaya ba. In ka shiga shago a Kantin Kwari aka ba ka kalmar sirri, leƙa bayan akwatin. Idan wayar wuta kaɗai ka gani, babu siririyar faiba, babu wayar da ta hau rufi zuwa faifan Starlink, to sim ne a cikinsa, kuma turken nan da ya hana hotonka tafiya shi ne yake ɗauke da shi, da kai, da mai shagon, da yaransa uku masu kallon TikTok.