Safi, Garkuwar Yatsan Mai Ɗinkin Hannu



Da yawa daga cikinmu idan an tashi daga makaranta ko lekol, allura muke ɗauka. Wani yana koyon ɗinkin hula, wani aikin wuyan riga, wata kuma tana taya mahaifiyarta haɗa bargo da ƙyallayen atamfa. Sana'a ce mai daraja, domin malamai sun ambata cewa Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki, kuma shi ne farkon wanda ya yi rubutu da alƙalami. To hannun da ke riƙe allurar nan da yamma, shi ne zai riƙe alƙalami da safe. Idan yatsa ɗaya ya kumbura, an yi asara biyu: ba ɗinki, ba rubutun allo. Shi ya sa muka zaɓi mu yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin abu da yara ke rainawa.

Mene ne safi?

Safi wata 'yar hula ce ta ƙarfe ko ta fata da ake sa wa yatsa don tura allura. Telolin da suka koyi aiki da Faransanci "de" suke ce masa. A yatsan tsakiya na hannun da ke ɗinki ake sa shi, saboda babban yatsa da manuni su ke riƙe allura, na tsakiya kuma shi ke tura ta daga baya.

Me ya sa gindin allura ke huda yatsa alhali ba shi da tsini? Gwada wannan: ka danna tsabar kuɗi a tafin hannunka, ba za ka ji komai ba. Ka danna bakin ƙusa da irin wannan ƙarfin, nan take za ka janye. Ƙarfin ɗaya ne, wurin da ya taru ne ya bambanta. Gindin allura siriri ne ƙwarai, duk ƙarfin da ka sa yana taruwa a ɗan ɗigo guda na fatarka. Aikin safi shi ne ya karɓi wannan ƙarfi ya raba shi a kan yatsa gaba ɗaya. 'Yan ramukan nan da ke jikinsa kuwa ba ado ba ne. A ciki gindin allura ke zama don kada ta zame.

Inda ɗinki ya fi tauri

Ɗinkin yadi falle ɗaya ba ya wahalar da yatsa sosai. Wahalar tana wajen ɗinki mai rufi-rufi, wato yadi a sama, auduga ko tsumma a tsakiya, wani yadin a ƙasa, sannan a bi su da ɗinki layi-layi don abin da ke ciki ya zauna wuri ɗaya. Haka ake yin bargo da katifar jariri. Kakanninmu sun daɗe da sanin wannan aiki, domin da shi ake yin lifidi, rigar nan mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don tare kibiya. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla na Kano da Katsina.

A irin wannan ɗinki yatsu biyu ne ke cikin haɗari. Na sama gindin allura ke cin sa. Na ƙasa, wanda ke ɓoye a bayan yadi yana jiran ya ji allura ta fito, tsini ne ke tsikarinsa sau ɗaruruwa a zama ɗaya. Mutane kan tuna da na sama su manta da na ƙasa. Shi na ƙasa ba a sa masa ƙarfe mai kauri, don sai ya ji allurar kafin ya mayar da ita sama. Fata marar kauri ko filasta ta ishe shi.

Haka abin yake a aikin babbar riga. Masu yin aska biyu da aska takwas, kamar gwanayen birnin Zariya, sukan yi makonni a kan riga ɗaya, shadda mai sitaci kuwa ba ta barin allura ta wuce cikin sauƙi.

Kowace ƙasa da dabararta

A Turai, garin Nuremberg na Jamus ya yi suna wajen ƙera safin tagulla tun kusan shekara 500 da suka wuce. Masu ɗinkin filafilan jiragen ruwa, da yake yadinsu ya fi ƙarfin yatsa, sai suka yi wata fata da ake ɗaurawa a tafin hannu, da ɗan ƙarfe a tsakiya, ana tura allura da ƙarfin hannu duka. A Japan akwai wanda ake sawa kamar zobe. Mu kuwa Allah ya hore mana fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi sananniya ce a duniya saboda laushi da ƙarko, kuma dukawanmu sun san sirrinta.

Yadda za ka samu naka

Na ƙarfe ana neman sa wajen masu sayar da zare da maɓallai, a nan Zongo ko a Asigame. Kada ka aika a sayo maka, je ka gwada da kanka. Sa shi a yatsa, ka juya hannunka ƙasa ka girgiza. In ya faɗi, ya yi maka yawa. In ka ji yatsa na bugawa, ya matse. A yanke farce kafin a gwada.

Wanda bai samu ba, ya roƙi baduku guntun jemammiyar fata. A yanka ta faɗin yatsu biyu, a naɗa a kan gaɓar ƙarshe ta yatsan tsakiya, a ɗinke ta ta bayan farce. In aikin mai tauri ne, a ninka fatar biyu a sa ɗan ƙarfe mai faɗi a tsakani. A zafin Lome ma na fata ya fi daɗi, don zufa kan sa na ƙarfe santsi. Amma fata tana cinyewa. Ran da ka ga rami ya fara zurfi, canja ta.

Kwanakin farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, har yatsan ya riƙa gudun allura. Yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Wasu kan ce ai yatsansu ya yi kanta, ba sa bukata. Kanta tana taimakawa, amma alwala da wanki suna tausasa ta, hunturu kuma yana tsaga ta. Rana ɗaya za ta ba ka kunya.

Sauran kiyayewa

A zaɓi allura daidai kaurin yadi. Fata da buhu aikin basilla ne. Iskar teku tana sa allura tsatsa da wuri, mai tsatsa kuma ba ta shiga sai da ƙarfi, don haka a ajiye su cikin gwangwani mai murfi. A goga wa zare kakin zuma don ya bi yadi sumul. Kada a riƙe allura a baki, kada a soke ta a tabarmar da ƙanne ke rarrafe.

Idan allura ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe. In bayan kwana ɗaya ko biyu yatsa ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi har ya hana barci, wataƙila ɗan karkare ne ke tasowa. Kada a tsaga da reza a gida, a tafi asibiti. A kuma tambayi likita maganar allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, wanda ƙwayarsa ke zaune cikin ƙasa da ƙura, ta shiga ta ƙaramin rauni.

Roƙonmu ga iyaye da iyayen gidanmu na sana'a: ran da za a miƙa wa yaro allura ta farko, a haɗa masa da safi, musamman gab da salla lokacin da aiki ke yawa ana kwana ɗinki. Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.