Yadda ake harhaɗa manhajar adana bayanai ta SQLite daga tushenta

Duk mai riƙe da wayar Android ko iPhone yana yawo da SQLite a aljihunsa, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ƙaramar manhaja ce ta adana bayanai wadda wani Ba'amurke, D. Richard Hipp, ya fitar a shekarar 2000, ya kuma bar wa jama'a ita kyauta. Ana cusa ta ne a cikin wasu manhajojin, kamar Firefox da Chrome, kuma tana tattara bayanai gaba ɗaya a fayil guda. Wannan sauƙin ne ya sa ta dace da lissafin kayan shago ko rajistar takardun ofis.

Galibin kwamfutocin da ke aiki da Linux suna zuwa da ita, amma sau da yawa tsohon samfuri ne. Alal misali, sai a samfuri na 3.24 da ya fito a 2018 aka samu umarnin da ke shigar da sabon kaya cikin lissafi, ko ya gyara adadinsa idan dama yana ciki, a mataki ɗaya. Wanda kwamfutarsa ke ɗauke da samfurin da ya girmi wannan, ɗaya daga cikin mafitarsa ita ce ya harhaɗa sabuwa da hannunsa.

Da farko ana sauko da rubutun tushen daga shafin sqlite.org. An rubuta shi da harshen C, kuma an dunƙule kusan dukansa a fayil ɗaya mai suna sqlite3.c. Shafin yana wallafa lambar tantancewa ta SHA3 kusa da kowane ƙunshi, domin a gwada a tabbatar ba a sauya komai a hanya ba. Dole ne kuma kwamfutar ta kasance tana da manhaja irin gcc, wadda ke juya rubutun C zuwa abin da na'ura ke iya gudanarwa.

Bayan an kwance ƙunshin, umarni uku ne ke biyo baya. Na farko, ./configure, yana duba abin da kwamfutar ke da shi ya tsara aikin. Na biyu, make, shi ke yin harhaɗawar. Na uku, make install, yana kai abin da aka gina mazauninsa, wanda bisa al'ada shi ne /usr/local. A ƙarshe sai a rubuta sqlite3 --version a ga ko sabuwar ce ta amsa.

Sai dai akwai abubuwa uku da bai kamata a yi sakaci da su ba. Kada a danne tsohuwar da sabuwar, domin wasu manhajojin kwamfutar sun dogara da ita. Gara a ware wa sabuwar wurinta, kamar /opt/sqlite, ta hanyar ƙara --prefix a umarnin farko. Haka nan a kwafi fayil ɗin bayanai a adana kafin a fara, domin a cikinsa ne bashin abokan ciniki ko sunayen ma'aikata suke.

Na uku shi ne mafi nauyi. Manhajar da ta zo tare da kwamfuta, tsarin da kansa ke sabunta ta idan aka gano wata ɓaraka ta tsaro. Wadda mutum ya gina da hannunsa kuwa, sabunta ta ya rataya a wuyansa. Don haka duk shago ko ma'aikatar da ta bi wannan hanya, wajibi ne ta rubuta samfurin da aka girka da ranar girkawa, ta kuma naɗa wanda zai riƙa bibiyar sababbin gyare-gyare.