Kafin a gyara miki tumbi, ki tambayi zancen jini

Yanzu Hajiyoyinmu masu zuwa sarin kaya Istanbul da Dubai ba kaya kaɗai suke kawowa Zongo ba, har da labarin likitocin da ke rage tumbin da haihuwa ta bari. Na ji zancen a kasuwar Arzeke ta Paraku, na ji shi a gidan suna a Jugu. Kowa tambayarta nawa ne, kuma tabon zai ɓace? Ban ji wadda ta tambayi jini ba.

Alhali aikin ba wasa ba ne. Likita na yankawa daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga fata har kusa da haƙarƙari, ya ɗinke tsokar da goyon ciki ya buɗa, ya yanke rarar fata. Sau da yawa a haɗa da zuƙe kitse. Rauni mai faɗi haka dole ya zubar da jini, wani lokaci ma jinin ya taru ƙarƙashin fata sai an koma tiyata. Mu kuwa da yawanmu dama jinin bai ishe mu ba, ga maleriya ga haihuwa kusa-kusa.

Akwai allurar da likitocin tiyata ke yi don rage zubar, sunanta asid tiranekizamik, a ƙasashen Faransanci an fi sanin ta da Exacyl. Ba ta ƙara jini. Abin da take yi, tana hana jiki saurin narkar da gudajin da ya toshe bakin rauni. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka gano maganin a 1962. A 2017 wani gwaji kan mata sama da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi shi cikin awa 3.

To amma, 'yar'uwa, ba na saye a famasi a sha kafin tafiya ba ne. Tiyatar tumbi kanta na jawo daskarewar jini a ƙafa, doguwar tafiyar jirgi ta ƙara. In kin taɓa samun wannan, ko kina da farfaɗiya ko ciwon ƙoda, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko asfirin, faɗa wa likita ƙarara, har da jiƙe-jiƙen gida. Ki sa a auna jininki tun a Paraku kafin ki yanki tikiti, sannan ki tambaye su can: in jini ya ɓalle, kuna da na ƙari a ajiye?