Jos a Watan Maris: Ciniki Kafin Saukar Damina

Yayin da zafin bazara ke tsananta a Kano da Sakkwato, birnin Jos, wanda ke bisa tudu mai kimanin mita 1,200, yakan wayi gari da sanyi, don haka baƙo ya riƙo rigar sanyi.

Ga ɗan kasuwa, Maris lokaci ne na tumatir, kabeji da karas na noman rani, waɗanda ake ba ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza, ake kuma lodinsu a kasuwar Farin Gada. Wanda ya yi jinkiri har ruwan Afrilu ya sauka, zai tarar kaya sun fara ja baya, farashi kuma ya ɗaga.

Bayan ciniki, daga tsohuwar unguwar Gangare babu nisa zuwa gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye gumakan Nok.