Kuɗin kwamfutocin gwamnati: wa ke sa ido a kansu?



In gwamnati ta ce ta gina aji ko ta haƙa rijiya, kowa na iya takawa ya gani da idonsa. Amma in ta ce ta kashe miliyoyi wajen "zamanantar da aiki da kwamfuta", me talaka zai je ya taɓa? Shi ya sa irin wannan kuɗi ya fi kowane buƙatar sa ido.

Mu ɗauki takardar haihuwa. A 2019 Nijar ta yi sabuwar dokar état civil, wadda ta tanadi a riƙa ajiye rajistar haihuwa da aure da mutuwa cikin na'ura. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 273 don shirin WURI na ba kowane mutum lambar shaida a Nijar, Benin, Burkina Faso da Togo. Kason Nijar dala miliyan 81 ne.

Ba sayen kwamfuta kaɗai ke cin kuɗin ba. Akwai manhajar da ke cikinta, da wuta ko sola, da layin intanet zuwa Yamai, da horar da ma'aikata, da kwafe tsofaffin rajistoci, da gyara. In ɗaya ya faɗi, sauran sun zama kayan ado: na'ura na kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle, magatakarda ya koma ga biro.

To, wa ke bin diddigi? Hukumar ARCOP ce ke kula da ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kotun Cour des comptes kan duba asusun ma'aikatu ta fitar da rahoto, HALCIA kuma tana binciken cin hanci. Bayan juyin mulki, hukumomin soja sun kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ke nan kansilan da a da za ka tare a kasuwa ka tambaya ba ya kan kujera, tambayar ta dawo hannunmu.

Ga abin da za mu iya tambaya a mairie, daga Korgom har Kanambakashe, cikin ladabi: Na'urar tana aiki yau? Mutum nawa aka horar, kuma suna nan? In ta lalace, wa ke biyan gyara? Kwana nawa takarda ke ɗauka kafin ta fito?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaron da ba shi da takardar haihuwa na iya samun cikas ranar jarrabawa. Ɗan uwanmu da ke Agadas, Kano ko Libiya, in takardarsa ta ɓata, sai ya turo kuɗin mota a je a yi ta tonon rajista. Don kawar da wannan wahala aka fitar da kuɗin, kuma da ita za mu auna ko an kashe su daidai.

Duk wanda ya je neman takarda kwanan nan, ya kira mu cikin shiri ya faɗa mana kwana nawa ya jira. Allah Ya ba mu alheri.